Mutanen da Ke Tsaye a Bayan Kujera

Adakar kakana ta fi shekara talatin a ƙarƙashin gadon Gwaggo, makullin kuma ba ya barin jikinta. Mun tashi mun san akwai takardu a ciki, amma ba mu taɓa ganin an buɗe ta ba sai in za a zuba sabon kafur. Kakan namu akawu ne a tashar jirgin ƙasa, a nan ya yi ƙuruciyarsa, a nan ya yi furfura. Iyakar abin da na sani game da shi ke nan, sai kuma sunansa da aka sa mini, wanda ya sa Gwaggo ba ta kirana da komai sai "Babana".

Wata rana na ji sanarwa a rediyo cewa gidan tarihi na yankinmu, tare da ma'adanar takardun tarihi da zauren zane-zane, suna shirya baje koli kan yadda layin dogo ya sauya rayuwar garuruwan da ya ratsa. Suna roƙon duk mai tsohon hoto, wasiƙa, tikiti ko kayan aiki ya kawo musu aro. Nan take adakar ta faɗo mini a rai. An ce za a buɗe ranar 18 ga Mayu, wato ranar gidajen tarihi ta duniya da ƙungiyar gidajen tarihi ta ƙasa da ƙasa, ICOM, ta fara a 1977. Saura wata bakwai a lokacin. Na ce a zuciyata wannan lokaci ai ya yi yawa, me ke cikin aikin ban da a kai kaya a jera a gilashi? Da na ga aikin da idona, na gane da ƙyar ma watannin suka ishe su.

Kawu ne ya fara ja. Ya ce abin da ya bar gida ya shiga hannun ma'aikata, sai dai ka riƙa jin labarinsa. Ban raina maganarsa ba, domin yana da hujja. A daren 2 ga Satumba 2018 gidan tarihi na ƙasar Brazil da ke Rio de Janeiro ya kama da wuta, mafi yawan kaya kusan miliyan 20 da ke ciki suka halaka, har aka koma ana roƙon mutanen da suka taɓa ziyarta su turo hotunan da suka ɗauka. A watan Maris 2009 ginin ma'adanar takardun birnin Kolon a Jamus ya rufta da abin da ke cikinsa. Kuma da rikici ya ci Timbuktu a 2012 da 2013, iyalai da masu ɗakunan karatu ne suka fitar da dubban ɗaruruwan rubuce-rubucen hannu a ɓoye cikin akwatuna zuwa Bamako. To wa zai ce wa Kawu gida ba ma'ajiya ba ne? Abin da na iya ce masa shi ne, aro ne ba kyauta ba, kuma gara da laima ba sa jiran a yi gobara, suna nan suna aikinsu a hankali a ƙarƙashin gado.

Gwaggo ta saurare mu duka, ba ta ce uffan ba. Bayan kwana uku ta aiko a kira ni, ta miƙo makullin ta ce, "Babana, ka kai. Amma duk abin da ka fitar ka ƙirga a gabana, kuma a gabana za ka ƙirga ranar da ya dawo."

Muka ƙirga. Takarda sittin da uku, hoto huɗu, wani littafi mai bangon ƙyalle da kakana yake rubuta shigowa da fitar jirage, da usur na tagulla.

Daga nan na yi ɓarnar da har yau take ci mini rai. Ina so in kai kayan a kintse, don haka na kwana biyu ina gyara. Takardun suna ɗaure ne ƙulli-ƙulli da zare, sai na kwance su duka na jera bisa kwanan wata. Inda na ga yagewa na manna salatif. Takardar da na fi ƙauna, wadda aka ɗauke shi aiki da ita, na kai shago aka yi mata laminatin don kada ta ƙara lalacewa. Da kyakkyawar niyya na yi duk wannan, amma garin neman gira na taɓa ido.

Malamin da ya karɓe ni a ma'adanar dattijo ne mai sanyin magana. Ya buɗe fayil ɗin da na kawo, ya juya shafi biyu uku, ya tsaya.

"Malam, haka suke a adakar?"

Na ce a'a, ni na jera su.

"Ka tuna waɗanne ne suke ɗaure tare?"

Ban tuna ba. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya bayyana mini abin da ban taɓa tunani ba. Yadda mutum ya ajiye takardunsa shi ma shaida ne. In ya ɗaure wasiƙa uku da rasit ɗaya wuri guda, yana gaya maka ne magana ɗaya ta haɗa su, ko da babu inda ya rubuta hakan. Masu aikin adana takardu suna da ƙa'idar da aka kafa a Faransa tun 1841, cewa takardun mutum ɗaya ko ofis ɗaya ba a cakuɗa su da na wani, daga baya aka ƙara da cewa a bar su a tsarin da mai su ya bari. Ni kuwa a dare biyu na warware tsarin da kakana ya yi da hannunsa. Ɗan abin da muka ceto, sawun zare da tabon tsatsar fil ne suka taimaka: duk takardun da tabonsu ya hau kan juna daidai, an san a haɗe suka kwana shekaru. Ta haka muka mayar da ƙulli huɗu. Sauran sun tafi ke nan.

Kafin in bar wurin ya cika fom na karɓa, kowane abu da lambarsa ta wucin gadi, ya sa hannu na sa hannu, ya ba ni kwafi. Sannan tambayoyi suka biyo baya, har na fara jin kamar ana tuhumata. Wa ya mallaki kayan? Ta yaya suka zo hannun Gwaggo? Akwai wani magaji da bai yarda ba? Littafin jiragen nan na kakana ne ko na ma'aikata ne ya taho da shi gida? Ya lura raina ya fara ɓaci, sai ya ce kowa haka ake yi masa. Tun yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kan hana fataucin kayan tarihi ta haramtacciyar hanya, gidan tarihin da ya san ciwon kansa ba ya karɓar abin da bai san salsalarsa ba. Wanda ya bi rigimar kayan tagullar masarautar Benin ta Nijeriya da sojojin Ingila suka kwashe a 1897, waɗanda sai a 2022 Jamus ta sa hannun mayar da mallakar fiye da dubu daga cikinsu, ya san dalilin wannan tsantseni. Usur ɗin kakana ba tagullar Benin ba ne, amma ƙofa ɗaya duka suke bi.

Kayan ba su wuce ɗakin ajiya kai tsaye ba. An fara killace su a wani ɗan ɗaki na daban, domin a cikin littafin jiragen an ga ƙananan huji da garin da ƙwari suke zubarwa, alamar akwai masu rai a ciki. Aka nannaɗe littafin, aka sa a leda aka liƙe bakin ruf, aka saka a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili, ya yi sama da mako guda. Da aka fito da shi ba a buɗe ledar ba sai da ya kwana ya huce, don raɓar da za ta taru ta tsaya a jikin leda kada ta taɓa takarda. Kafur ɗin Gwaggo kuwa, an ce mini a daina, warinsa ba ya kashe ƙwai kuma ba shi da kyau ga mai shaƙa.

Wurin da na fi daɗewa shi ne teburin malamar da ke jinyar takardu. Haka nake kiran aikinta, domin jinya ce sosai. Na roƙi a bar ni in zauna in kalla, ta yarda bisa sharaɗin ba biro, ba ruwan sha, fensir kawai. Na zaci zan ga farar safar hannu irin ta talabijin. Ta ce takarda an fi so a taɓa ta da hannu wankakke busasshe, domin safa tana kashe jin yatsa, sai ka yage gefe ba ka sani ba. Hoto da ƙarfe ne ake sa wa safar roba, saboda gumin yatsa yana barin sawun da ba ya fita.

Ta ɗauki wata wasiƙa ta ɗora a kan allo mai haske daga ƙasa. Sai ga rubutun ya zama kamar raga, a wasu haruffan haske yana ratsowa ta ƙananan ramuka daidai inda alƙalami ya fi danna. Ta ce tawadar ce ke cin takardar. Irin tawadar nan mai sinadarin ƙarfe, wadda take fara da shuɗi-baƙi ta koma ruwan ƙasa, tana da tsami, kuma laima tana ƙara mata ƙarfi. Takardar kanta ma tana da nata ciwon: tun tsakiyar ƙarni na 19 aka koma yin takarda da niƙaƙƙen itace maimakon tsumma, shi ya sa take yin ja tana karyewa kamar busasshen ganye, alhali wadda ta girme ta da shekara ɗari biyu tana nan da ƙwarinta.

Salatif ɗina ta cire shi da wata 'yar siririyar wuƙa marar kaifi da ɗan ɗumi, milimita bayan milimita. Tsiri ɗaya ya ci mata kusan minti arba'in. Ta ce na yi sa'a sabo ne. Da ya shekara biyar, gam ɗin zai narke ya shige cikin takardar ya bar tabo mai maiƙo wanda ba ya fita. A madadinsa ta yago wata takardar Japan mai shara-shara, ta shafa mata ɗan ƙullin sitacin alkama da buroshi, ta ɗora a bayan yagewar, ta danne da abu mai nauyi. Da ya bushe sai ka kawo ido kusa kafin ka ga gyaran. Ƙa'idarsu ita ce kada ka yi wa abu gyaran da wani ba zai iya warwarewa ba gobe. Ɗigon ruwa ya isa ya saki wannan ƙullin.

Sai muka zo kan takardar ɗaukar aiki. Ta juya ta gaba da baya, ta ajiye.

"Wannan kam, Malam, sai haƙuri."

Zafin injin ya narkar da gam ya shiga zaren takardar, in aka ce za a ɓare, da rubutun zai taho. Ta nuna mini abin da ya kamata in yi amfani da shi, wani aljihun roba garai-garai wanda babu gam ko kaɗan, ka zura takarda ka zaro ta lafiya. Ba ta yi mini faɗa ba, ta ce kusan duk mai kawo kayan gida da irin wannan yake zuwa, kuma kullum takardar da aka fi so ita ake yi wa. Na fita waje na daɗe a tsaye kafin in iya komawa. Ina faɗar wannan ne don wanda yake da takardar iyaye a gida ya ji: kada ka kai ta laminatin.

Kowane abu sai da aka rubuta masa rahoton yanayin da ya zo da shi, yagewa nawa, tabo a ina, kusurwa wacce ta naɗe, da hotonsa gaba da baya. Wannan rahoto da shi za a duba ranar mayarwa. Aka kuma yi sikanin komai, hotuna a ɗigo 600 a kowane inci, aka ajiye a tsarin TIFF wanda ba ya matse hoto ya rage masa inganci. Suka ba ni kwafi, suka ce in ajiye a wuri uku, ɗaya daga ciki ba a gida ɗaya da sauran ba.

Yarjejeniyar aron shafi huɗu ce, na kai gida muka karanta da Kawu layi-layi. Tsawon lokacin aro, wanda zai ɗauki nauyin inshora daga ranar karɓa zuwa ranar mayarwa, ko an yarda 'yan kallo su ɗauki hoto, ko an yarda a buga a littafin baje kolin, da yadda za a rubuta sunan masu bayarwa. Sun bambanta mana aro da ajiya ta dogon lokaci da kyauta, ba su matsa mana ba. Wasiƙu biyu muka janye gaba ɗaya, domin suna maganar wani bashi tsakanin kakana da wani mutum wanda jikokinsa suna raye. Malamin ya ce daidai muka yi.

Duk wannan share fage ne. Abin da ya sauya mini tafiyar gaba ɗaya hoto ne guda.

A cikin hotunanmu huɗu akwai wanda aka ɗauka a gaban tashar: mutum biyu a zaune a kujera, tara a tsaye a bayansu. Gefunansa sun yi wani sheƙi mai shuɗi-shuɗi in ka karkata shi, wanda malamar ta ce azurfar da ke jikin hoton ce take tasowa sama da tsufa. Wata safiya malamin ya kira ni ɗakin karatu, ya fito da wani kwali mai ruwan toka, ya zaro hoto ya ajiye kusa da namu. Shi ne sak. Nasu ya fito ne daga takardun hukumar jiragen, yana wurinsu shekara da shekaru, har an taɓa buga shi. A ƙasansa an buga da tafireta sunayen mutum biyun da ke zaune, da muƙamansu. Waɗanda ke tsaye kuwa kalma ɗaya aka ba su su tara: "ma'aikata".

Kakana yana cikin taran nan, da alƙalami a aljihun gaba. Mutumin da ya ba tashar nan rayuwarsa, wanda rubutunsa ya cika littafin da ke firiza, a ma'adanar tarihin yankinsa ba shi da suna. Ban ga laifin malamin ba, abin da ya tarar ke nan. Amma a nan na fahimci yadda tarihin yanki yake karkacewa ba tare da kowa ya yi ƙarya ba. Wanda ke riƙe da tafireta shi ke zaɓar wanda za a tuna, sai waɗanda suka zo baya su kwafa da gaskiyarsu.

Ya ce, "Akwai wanda zai iya gane sauran?"

Na ce akwai mutum ɗaya a duniya.

Gwaggo ba ta iya doguwar tafiya, don haka su suka zo. Wata matashiyar ma'aikaciya ta zo da rikoda da fom na neman izini, ta karanta mata shi a fili, ta gaya mata tana da ikon cewa a kashe rikoda duk lokacin da ta so, da ikon cewa wani sashe kada a saki sai bayan ranta. Aka buga hoton da girma, aka ɗora mata a cinya. Ta sa tabarau, ta daɗe tana kallo. Ta fara ɗora yatsa a kan mahaifinta, ba ta ce komai ba. Sannan ta matsa.

"Wannan shi ke juya layi. Yatsunsa biyu babu a hannun hagu, shi ya sa ya ɓoye hannun a baya. Duba ki gani, 'yar nan."

Muka duba. Hannun hagun yana baya.

Ta faɗi sunansa da na matarsa. Ta faɗi mai kunna fitilun sigina, wanda ta ce yana ɗaukarta a kafaɗa ta ga jirgi tun yana nesa. Ta faɗi mai auna kaya a sikeli. Na biyar ba ta san sunansa na yanka ba, laƙabinsa kawai ta sani, domin da shi kowa ke kiransa. Huɗun da suka rage ta ce fuskokinsu ba baƙi ba ne amma sunan ya gudu, kuma ba za ta ƙaga ba. Hirar da aka shirya wa minti talatin ta kai awa biyu. Ta ba da labarin daren da ruwa ya cinye gada jirgi ya kwana uku a tashar, da yadda matan ma'aikata suke gane jirgin da ke zuwa daga kukansa. Shekara arba'in ina zaune kusa da matar nan, ban taɓa tambayarta ko ɗaya daga cikin wannan ba.

Na ɗauka an gama, a rubuta sunaye kawai. Malamin ya ce tukuna. Tunanin mutum shaida ne mai daraja, amma sai an nemi abin da zai tallafe shi. Muka kwana uku a ɗakin karatu muna bin littattafan biyan albashi na tashar, manya-manya masu nauyi, ana ɗora su a kan matashi don kada gadon bayansu ya karye. Ni nake karanto sunaye, shi yana dubawa. Huɗu daga cikin biyar suka fito, kowanne da aikin da Gwaggo ta faɗa. Har muka tarar da layin da aka rubuta an biya mai juya layi diyyar rauni a hannu. Da na gaya wa Gwaggo ta ce, "To da ƙarya zan yi musu?" A bayan namu hoton kuma, da aka haska fitila a kaikaice, sai ga sawun fensir da ya kusa gogewa, sunaye uku da rubutun kakana, duka cikin waɗanda ta ambata.

Mai laƙabin ne ya zama abin jayayya. Shugabar shirya baje kolin ta ce ba za ta sa abin da babu takardar da ta tabbatar ba. Na ce matar da ta faɗi huɗu daidai, me zai sa a ƙi ta a na biyar? Kuma in takarda kaɗai za a bi, ai takardar ce ta share su tun farko. Mun ja sosai, cikin mutunci. A ƙarshe aka tsaya a kan a rubuta laƙabin, a ƙara da cewa bisa shaidar 'yar akawun tashar, da shekarar da aka yi hirar. Yanzu ina ganin wannan ya fi abin da na nema tun farko, domin mai karatu ya san daga ina kowace magana ta fito.

Ɗan allon bayanin da ake mannawa kusa da abu ba a so ya wuce kalma hamsin zuwa sittin, saboda mai kallo a tsaye yake, ƙafa na ciwo, yara na jan riga. Na rubuta kusan ɗari biyu. Aka yanke, na ƙara, aka yanke. Labarin gada ya fita, yatsu biyu suka tsira. Muryar Gwaggo kuwa aka sa minti uku daga cikinta a wata na'ura mai abin sawa a kunne kusa da hoton.

Cikin kaya kusan saba'in da na kai, huɗu kacal aka zaɓa: hoton, littafin jiragen, usur, da wasiƙa ɗaya. Na ji zafin wannan, ba zan ɓoye ba. Amma da na ga ɗakin na gane. Akwatin da aka cusa wa takarda ashirin ba wanda ke karanta ko ɗaya. Takardar ɗaukar aikin ba ta shiga ba, robar tana ƙyalli a ƙarƙashin fitila.

Makon jera kaya na sha mamakin duhun ɗakin. Ana auna hasken da wata 'yar na'ura, ba a so ya wuce luks 50 (luks shi ne ma'aunin ƙarfin haske) a kan takarda da hoto da ƙyalle, alhali ofis na yau da kullum yana kai ɗari uku zuwa ɗari biyar. Ɓarnar haske taruwa take yi kuma ba ta komawa, shi ya sa aka ce wasiƙar wata uku za ta yi a cire ta, littafin kuma a riƙa juya shafinsa lokaci-lokaci. A ƙasan kowane akwatin gilashi akwai aljihun da ake zuba ƙwayoyin silika masu shan laima, da wata na'ura mai rubuta zafi da danshi dare da rana. Ana so danshin ya zauna wajen kashi 50 cikin 100, domin in ya haura 65 fumfuna za ta fara. Wani masassaƙi ya yi wa littafin mazauni daidai gwargwadon yadda yake buɗewa da kansa, ba a tilasta masa ko kaɗan ba.

Saura kwana biyu a buɗe, na tsaya gaban hoton ina karanta allon da aka riga aka buga aka manna. Ya ce na uku daga hagu shi ne akawun tashar. Na ƙirga. Na uku daga hagu dogon mutum ne mai hula a hannu, ba kakana ba. Gabana ya faɗi. Muka koma kan rikoda, sai ga dalili: Gwaggo daga dama take ƙirgawa, wanda ya rubuta hirar kuma ya ɗauka daga hagu ne. Duk sunayen biyar sun sauka a kan fuskokin da ba nasu ba. Da an buɗe a haka, da kuskuren ya shiga littafin baje kolin, ya shiga intanet, bayan shekara ashirin ya zama gaskiyar da ba mai iya tankwarawa. A daren aka sake bugawa. Wannan karon aka zana inuwar mutanen goma sha ɗaya a ƙasan hoton, kowane kai da lamba, kowace lamba da suna. Lambobi huɗu aka bar gabansu fili, da layi ɗaya a ƙasa: in ka san ɗaya daga cikin waɗannan, ka sanar da mai kula da ɗaki.

Ranar buɗewa an yi jawabai masu tsawo, ban riƙe ko ɗaya ba. Ɓangaren masu zane yana ɗaki na gaba, manyan zane-zane na tashoshi da fasinjoji, wasu sun burge ni, wasu ina ganin an sa su ne don cika bango. Hankalina yana kan ƙofa. Kawu ne ya turo Gwaggo a keken guragu da gidan ya tanada. Allon ya yi mata sama, domin an daidaita shi ne da idon mai tsayuwa, wajen mita ɗaya da rabi daga ƙasa, kuma wannan gyara ne da na gaya musu daga baya. Kawu ya sunkuya ya karanta mata sunayen ɗaya bayan ɗaya, tana gyaɗa kai a kan kowanne. Da ya kai kan mahaifinsu muryarsa ta sarƙe, ya tsaya, ya sake farawa. Aka sa mata abin kunne ta ji muryarta. Ta cire ta ce, "Babana, ashe na manta ban gaya musu mai share dandamali ba. Ba ya cikin hoton, shi aka aika ya kira mai hoton."

Ma'aikaciyar nan tana kusa, ta fito da fensir ta rubuta.

Bayan wata uku aka kira ni in karɓi wasiƙar da sauran takardun da ba a nuna ba. Muka bi rahoton yanayi ɗaya bayan ɗaya, babu abin da ya ƙaru. Sun dawo a cikin kwali marar tsami, kowace takarda a fayil ɗinta, ƙulli huɗun da muka ceto an ware su an rubuta da fensir. Na kai gida muka ƙirga a gaban Gwaggo kamar yadda ta ce, har da wasiƙu biyun da muka janye, sittin da uku cif. Ta sa aka ɗora kwalin a saman kabad, nesa da bangon da ke tsatsafo da ruwa. Littafin jiragen da hoton kuwa, Kawu da kansa ya ce a bar su can a matsayin ajiya ta dogon lokaci, da sunan iyali, ya sa hannu.

A makon da ya wuce malamin ya kira ni a waya. Wani mutum ya zo da 'ya'yansa, ya tsaya gaban hoton ya ƙi tafiya, ya ce lamba ta bakwai kakansa ne, mai zuba wa injin ruwa, kuma suna da wani hotonsa a gida. An rubuta sunan da fensir a fayil, ba a kai shi bango ba tukuna. Ranar Talata zai kawo hoton, mu kuma za mu sauko da littattafan albashin mu sake bi daga farko.